Abin Da Toka Ke Faɗi: Gobarar Mina Da Ilmin Binciken Wuta

Duk wanda Allah ya nufa da sauke farali a 'yan shekarun nan, in ya hau tudu ya dubi kwarin Mina, zai ga fararen tantuna jere reras har iyakar ganin ido. In kuwa ya matsa kusa ya shafa jikin ɗaya daga cikinsu, zai ji ba irin zanen audugan nan ne da iyayenmu suka kwana a ƙarƙashinsa ba. An saƙa shi ne da zaren gilashi, aka shafe shi da Teflon, watau irin abin da a kan shafa wa cikin kaskon suya don kada abinci ya kama. Yawancin alhazai ba su kan tambayi dalilin wannan canji ba. Dalilin kuwa shi ne gobara, da kuma abin da aka koya daga tokarta.

A wannan maƙala za mu duba wani fanni na ilmi da ba a cika jin labarinsa a ƙasashenmu ba, watau binciken musabbabin gobara da fashewa ta hanyar kimiyya. Za mu ga abin da masu neman digiri na biyu da na uku a wannan fanni suke yi, da yadda suke rubuta abin da suka gano, da kuma dalilin da ya sa rubutun nan yake iya zama tsakanin mutum da ajalinsa, ko tsakaninsa da gidan yari. Mun zaɓi Makka ne domin wuri ne da ake tara jama'a mai yawa ƙwarai, masu harsuna dabam dabam, a cikin ɗan fili ƙanƙane, a cikin 'yan kwanaki.

Tsohuwar tambaya

Tambayar nan ta "ina wutar ta taso?" ta daɗe a Makka. A shekara ta 64 bayan Hijira, watau 683, sa'ad da rundunar Sham ta kewaye Abdullahi ɗan Zubairu a cikin garin, Ka'aba ta kama wuta. Masu tarihi, irin su Ɗabari, sun kawo ruwaya fiye da ɗaya a kan yadda abin ya auku. Wata ruwayar ta ɗora laifin a kan majaujawar yaƙi da masu kewayen suka kafa a bisa duwatsu. Wata kuwa ta ce wani ne daga cikin mutanen da ke kewaye da Ɗakin ya ɗauko wuta a kan tsinin mashi, iska ta kwashe ta ta kai ga rigar Ka'aba. Kowace ruwaya tana wanke wani ɓangare ta shafa wa wani baƙin fenti, ga shi kuma yau shekara fiye da 1,300 ba a raba gardamar ba.

Haka kuma a shekara ta 802, wajen 1400 ke nan, wuta ta tashi a wani masaukin baƙi da ake kira Ribaɗin Ramisht, wanda ke manne da Masallacin Harami ta yamma. Daga nan ta kama rufin katako na masallacin, ta lalata ginshiƙai fiye da ɗari, sai da Sarkin Masar na lokacin, Faraj ɗan Barƙuƙ, ya aiko aka sake ginin. A nan an san inda wutar ta fara. Abin lura shi ne ƙaramar wuta a ɗakin wani baƙo ta sami hanyar da ta bi har ta cinye sashen masallaci guda. Bambancin da ke tsakanin abin da ya kunna wuta da abin da ya ba ta hanya, shi ne ginshiƙin duk abin da za mu faɗa a gaba.

Mina, 1975 da 1997

A watan Disamba na 1975, tukunyar gas ta fashe a cikin tantunan Mina, wuta ta bi zanen auduga, alhazai wajen 200 suka rasu. Bayan shekara 22 abin ya maimaitu, ya ma fi na farko muni. Ranar Talata 15 ga Afrilu 1997, wadda ta yi daidai da 8 ga Zulhajji 1417, ranar da alhazai ke fita Mina, wuta ta tashi dab da azahar. Zafin rana ya kai wajen digiri 40, ga iska mai ƙarfi tana kaɗawa a cikin kwarin. Kafin a shawo kanta ta cinye tantuna kimanin 70,000. Hukuma ta ce mutum 343 suka rasu, fiye da 1,000 suka ji rauni, yawancinsu daga Indiya da Pakistan da Bangladash, waɗansu kuwa turmutsitsin gudu ne ya halaka su ba harshen wuta ba.

An danganta tashin wutar ga tukunyar gas ta girki. To, da a ce an tsaya a nan, da sai a ce wani alhaji ne ya yi sakaci, a yi addu'a, a sake kafa tantunan auduga baɗi. Amma a wurin da mutane wajen miliyan biyu suke dafa abinci, lalle ne wata rana wani ya yi sakaci. Tambayar da ke da amfani ita ce: me ya sa sakacin mutum ɗaya ya iya cinye tantuna 70,000? Amsar tana cikin zanen da ke kamawa nan da nan, da kusancin tantuna da juna, da iskar kwari, da tukwanen gas da ke fashewa ɗaya bayan ɗaya suna jefa wuta gaba, da ƙarancin hanyoyin fita.

A kan waɗannan amsoshi ne gwamnatin Sa'udiyya ta yi aiki. Daga shekarar ta 1997 zuwa wajen 2000 aka maye gurbin tantunan auduga da na zaren gilashi, mataki mataki. Aka kasa su unguwa unguwa da hanyoyi a tsakani, aka sa bututun yayyafa ruwa masu buɗe kansu in zafi ya kai wani matsayi, aka haƙa manyan matattarar ruwa a cikin duwatsun da ke saman kwarin domin ruwan ya gangaro da ƙarfinsa. Hukumar Kare Farar Hula, wadda a can ita ce 'yan kwana-kwana, ta kuma hana shiga da tukwanen gas wuraren ibadar a lokacin Hajji. An ga waɗansu masifun a Mina bayan nan, musamman turmutsitsin 2015, amma ba a sake ganin gobara irin ta 1997 ba.

Yadda a ke karanta toka

Mai binciken gobara yana da tambayoyi uku, kuma tilas ya bi su a jere. Ta farko, a ina wutar ta fara? Ta biyu, mene ne ya fara kamawa, kuma wane zafi ne ya kunna shi? Ta uku, yaya ta yaɗu? Wanda ya tsallake ta farko ya faɗa ta biyu, zato kawai yake yi, domin ba a neman musabbabi a wurin da ba nan wutar ta tashi ba.

Aikin yana kama da na mai haƙar kufai. A kan fara daga waje, inda ɓarnar ba ta yi yawa ba, a riƙa matsawa zuwa inda ta fi tsanani. A kan kasa wurin gida gida kamar dara, a ɗauki hoto kafin a taɓa kome, sa'an nan a kwashe toka hawa hawa, a tankaɗe ta, a rubuta inda aka sami kowane abu. Wuta kan tashi sama ne tana buɗewa, saboda haka ta kan bar zane a bango mai tsukakken gindi da faɗin kai, gindin kuwa yana nuna inda abin da ya ƙone yake. Ƙarafa ma suna ba da shaida. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe kuwa sai zafi ya wuce digiri 1,000. Gawa kanta tana magana: in likita ya sami baƙin hayaƙi a maƙogwaro, da iskar guba ta kabon monoksaid a cikin jini, to, mamacin yana numfashi sa'ad da wutar ke ci, in babu, sai a tambayi abin da ya kashe shi tun kafin wutar.

In ana zaton an zuba fetur ko kananzir, hanci ba ya isa shaida. A kan ɗebi tarkacen a rufe a gwangwani mai tsabta, a kai ɗakin gwaje-gwaje, a ɗumama shi, a bi da tururin ta cikin wata na'ura mai rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Tushen wannan duka wata ƙa'ida ce da a ke dangantawa ga Edmond Locard, Bafaranshen da ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda a birnin Liyon a 1910, cewa duk abu biyu da suka haɗu sai ɗaya ya bar alama a jikin ɗaya.

Fashewa kuma tana da nata karatun. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, saboda haka in ya tsiyaye ya kan kwanta a ƙasa ya taru a lungu. Ba ya kamawa sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, kimanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100. In ya kama a rufaffen ɗaki, tura bango yake yi waje, ya ɗaga rufi. Nakiya kuwa farfasa abin da ke kusa da ita take yi, ta bar rami a inda aka ajiye ta. Tukunyar gas da wuta ta kewaye tana da wata fashewar dabam: ruwan gas ɗin da ke ciki ya tafasa, ƙarfen ya yi laushi, ya tsage, abin da ke ciki ya zama tururi a lokaci guda. Ke nan samun fasasshiyar tukunya a cikin toka bai nuna ita ce ta tada wutar ba, mai yiwuwa ne ita ma wutar ce ta cim mata. Gilashin taga ya kan taimaka a nan. In an tsince shi nesa, fes babu hayaƙi, fashewa ce ta riga wuta. In kuwa ya yi baƙi, wuta ta riga ci kafin fashewar.

Haka nan zancen wayar lantarki. In wuta ta cinye robar da ke jikin waya mai ɗauke da lantarki, wayoyin su kan haɗu su yi tartsatsi, su bar ɗan dunƙulen narkakken jan ƙarfe. Wayar da ta tada gobara da wadda gobara ta ci duk suna iya barin irin wannan dunƙule, ido kuma ba ya rarrabe su. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ranar da gwanaye suka yi kuskure

Shekara da shekaru, a Turai da Amurka, sana'ar nan gado ce: tsohon ɗan kwana-kwana ya koya wa sabo alamun da shi ma aka koya masa. A kan ce gilashin da ya yi tsatstsaga kamar saƙar gizo-gizo alama ce ta fetur, haka ma ƙuna a kan daɓe mai kama da zubar ruwa. Littafin Farfesa Paul Kirk na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya fito a 1969, yana cikin na farko da suka nemi ɗora aikin a kan kimiyya, amma tsofaffin alamun ba su gushe ba sai da gwaji ya rushe su.

A 1991 wutar daji ta cinye dubban gidaje a tsaunukan Okland na Kalifoniya. John Lentini da abokan aikinsa suka bi gidaje 50 daga cikinsu, waɗanda kowa ya san ba wanda ya zuba musu fetur, sai ga alamun nan birjik. Aka gano cewa ruwan 'yan kwana-kwana ne ke tsattsaga gilashi mai zafi. Aka kuma fahimci abin da ke faruwa in hayaƙin da ya taru a ƙarƙashin rufi ya kai digiri 500 zuwa 600: duk abin da ke ɗakin sai ya kama a lokaci guda, har daɓe. Bayan wannan kamawar bai ɗaya, wuta ta kan fi ci a inda iska ke shigowa, watau bakin ƙofa da taga, ko da ba nan ta fara ba. A wani gwaji da aka yi a Las Begas a 2005, an ƙona ɗakuna biyu har suka kai wannan matsayi, aka ce wa masu bincike 53 su nuna kusurwar da wutar ta fara. A kowane ɗaki mutum uku kaɗai suka dace.

Kuskuren nan ya ci rai. A watan Disamba na 1991 gobara ta kashe 'ya'ya mata uku na wani mutum mai suna Cameron Todd Willingham a jihar Teksas. Masu bincike suka ce alamu sun nuna an zuba mai, kotu ta yanke masa hukuncin kisa, aka zartar a Fabrairun 2004. Masana da suka duba rahoton, ciki har da Dakta Craig Beyler wanda hukumar jihar ta ɗauka a 2009, sun ce babu hujjar kimiyya da ta nuna cinna wutar aka yi. Saboda irin wannan ne Ƙungiyar Kare Gobara ta Amurka ta fitar da jagoran da ake kira NFPA 921 a 1992, wanda ya wajabta bin tafarkin kimiyya. A bugunsa na 2011 ya yi watsi da wata tsohuwar dabara, ta cewa tun da ba a sami musabbabin haɗari ba, to, lalle wani ne ya cinna.

Abin da kundin digiri ya ƙunsa

A nan ne aikin jami'a ya shigo. Mai binciken da ke bakin aiki yana da gobara ɗaya a gabansa, ga 'yan sanda da kamfanin inshora da 'yan jarida suna jiran amsa. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku shi ne ke da sukunin tambayar ko alamun da ake dogara da su gaskiya ne. Jami'ar Strathclyde da ke Gilasgo tana ba da digiri na biyu a kimiyyar binciken laifuffuka tun cikin shekarun 1960. Jami'ar Edinbara ta buɗe sashen injiniyancin kare gobara a farkon shekarun 1970 a ƙarƙashin Farfesa David Rasbash, a can kuma Dougal Drysdale ya rubuta littafinsa a kan halayyar wuta a 1985, wanda har yau ɗalibai ke karantawa. Jami'ar Merilan ta Amurka tana da irin wannan sashe tun 1956.

Kundi mai kyau ya kan fara da tambaya ƙarama wadda za a iya amsawa. "Matsalar gobara a lokacin Hajji" ba tambaya ba ce, take ne. Amma "tazarar mita nawa ake bukata tsakanin tanti da tanti don kada wuta ta tsallaka in iska na gudun kilomita 40 a awa?" tambaya ce, domin ana iya auna ta. Daga nan ɗalibi ya karanta abin da na gabansa suka rubuta, ya ware wanda aka gwada da wanda aka ji aka faɗa. Sa'an nan ya bayyana hanyar da ya bi dalla dalla, har wani a wata ƙasa ya iya maimaitawa: nauyin zanen, laimar da ke cikin iska, inda aka kafa ma'aunin zafi, sau nawa aka yi gwajin. Tun daga shekara ta 2000, da Cibiyar Ma'auni ta Amurka ta saki manhajar kwamfuta mai kwaikwayon yaɗuwar wuta da hayaƙi kyauta, ɗalibai da yawa suna amfani da ita. Sai dai malamai su kan gargaɗe su cewa kwamfuta abin da aka ba ta take sarrafawa, tilas a gwada sakamakonta da wuta ta gaske.

Misali mafi kyau na haɗa biyun shi ne gobarar tashar King's Cross ta jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan, ranar 18 ga Nuwamba 1987, wadda ta kashe mutum 31. Ashana ce aka yar ta faɗa ƙarƙashin matakalar katako mai tafiya da lantarki, ta kama maiƙo da shara. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne yadda ƙaramar wuta ta rikiɗe farat ɗaya ta yi tsiri zuwa zauren sayar da tikiti. Da fari an zargi fentin rufi. Da masana a Harwell suka sa lissafin a kwamfuta, sai ta nuna harshen wutar yana kwanciya a cikin kwarin matakalar maimakon ya miƙe sama. Masanan kansu ba su gaskata ba, sai da aka gina ƙaramar matakala a Buxton aka cinna mata wuta, aka ga haka ɗin ne. Rahoton Desmond Fennell na 1988 ya ɗauki wannan bayani, daga baya kuma aka kawar da matakalun katako daga tashoshin.

Rubutun kansa yana da ladubba. Dole a raba abin da aka gani, da abin da shaida ya faɗa, da abin da marubuci ya fahimta, kada su cakuɗe a jimla ɗaya. Dole a kawo dukan hasashen da ke iya yiwuwa, a nuna hujjar da ta kore kowanne. Dole a bambanta "mai yiwuwa ne" da "ya fi rinjaye". An saba kasa musabbabin gobara gida huɗu: haɗari, ko abin da ba hannun mutum kamar tsawa, ko ganganci, ko kuwa wanda ba a tantance ba. Na huɗun nan shi ya fi wuyar rubutawa, domin kowa na son amsa, amma mai binciken da ba ya iya rubuta shi abin tsoro ne. Ranar kare kundi, malaman da ke jarraba ɗalibi su kan yi masa irin tambayoyin da lauya zai yi masa gobe a gaban alƙali.

Makka a matsayin makaranta

A shekarar gobarar farko, 1975, wani matashin masanin zanen gine-gine ɗan Makka, Sami Angawi, ya kafa Cibiyar Binciken Aikin Hajji a Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda. Manufarta ita ce a daina tafiyar da Hajji bisa ƙiyasi, a ƙidaya, a auna, a ɗauki hoto, a ajiye. Cikin waɗanda suka yi aiki tare da shi akwai Bajamushe Mahmud Bodo Rasch, almajirin Frei Otto, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Shututgat a kan biranen tantuna na Hajji, aka buga shi a 1980. Watau an yi aƙalla shekara 17 da fara nazarin tantunan Mina a jami'a kafin gobarar 1997. Wannan ya nuna amfanin bincike, ya kuma nuna iyakarsa: ilmi na iya zama a kan kanta yana jira, sai masifa ta sa masu iko sun waiwaye shi. Daga baya cibiyar ta koma Jami'ar Ummul Ƙura a Makka, inda ta zama Cibiyar Khadimul Haramaini ta Binciken Hajji da Umra. A Riyad kuma akwai Jami'ar Nayif ta Larabawa, mai ba da manyan digiri a fannonin tsaro, har da kimiyyar binciken laifuffuka.

Wata gobarar a cikin garin Makka ta nuna cewa rahoto na iya taɓa manya. Ranar 11 ga Maris 2002 wuta ta tashi a makarantar 'yan mata ta tsakiya mai lamba 31, ɗalibai 15 suka rasu. Jaridun ƙasar sun ruwaito cewa 'yan hisba sun kawo cikas ga aikin ceto, hukuma ta musanta. Abin da ba a yi gardama a kansa ba shi ne ginin gidan haya ne da aka cusa wa ɗalibai ɗaruruwa, ba shi da isassun ƙofofin fita da kayan kashe wuta. Bayan binciken aka sauke shugaban hukumar ilmin mata, aka mai da makarantun mata ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi. A nan ma ƙofa da matakala ne suka yi kisa fiye da tartsatsin farko.

Mu kuma fa?

Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi asarar dubban shaguna a watan Maris na 2016. A 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairu, ta Katsina a Maris. Duk wanda ya saba sauraron labarai ya san yadda a kan rufe irin wannan zance: a ce ana zaton wutar lantarki ce, a kafa kwamiti, a yi jaje, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne mumini ya yarda da ƙaddara. Amma Hausawan da suka faɗi haka su ne kuma suka ce ruwa ba ya tsami banza. Mun riga mun ga cewa narkakkiyar waya a cikin toka ba hujja ba ce. Ko da ma lantarkin ne, saura tambayar Mina: me ya sa tartsatsi a shago ɗaya ya cinye layi ashirin?

Ga fili nan a buɗe ga ɗalibanmu na kimiyyar sinadarai da injiniyanci da shari'a a Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai. Littattafan da ake karantawa an rubuta su ne a kan gidajen katako na ƙasashen sanyi. Namu kayan dabam ne: zana da bunu, rumfar kwano, atamfa da leda jibge har rufi, jarkar fetur a bayan shago, janareta, batirin sola, ga hunturu da ke busar da kome. Auna yadda waɗannan ke kamawa aikin kundi ne. Tattara rajistar ofishin 'yan kwana-kwana ta shekara goma, a fitar da wata da sa'a da unguwar da wuta ta fi tashi, shi ma kundi ne, ba ya kuma bukatar na'ura mai tsada. Haka nan nazarin ko dubun dubatar alhazanmu da ke kwana a Mina kowace shekara suna gane alamun hanyar fita da aka rubuta da harsunan da ba nasu ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai abu guda da kowace hukuma za ta iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba. In wuta ta mutu, a kewaye wurin da igiya, a hana kwasar tarkace da share fili har mai bincike ya zo ya ɗauki hoto ya tankaɗe toka. In ya gama, a buga rahotonsa kowa ya karanta, ko da abin da ya rubuta a ƙarshe shi ne ba a tantance ba.